Rariyar Lambun Uwargida Adela

Ku matso, 'ya'yan nan, ku ajiye abin da ke hannunku ku ara mini kunnuwanku. Ga wata nan gare ku, amma ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na taka ta, da hannuna na dama lakarta.

Jiya na ji ku a bayan gida kuna ba tumatir ruwa, ɗayanku yana cewa wai wannan ne aikin da Kaka ta shekara tana yi ake ta ba ta girma? Murɗa famfo, riƙe tiyo, shi ke nan. Wanda ya tarar da ruwa a bakin tiyo, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka can aka haife shi. Ke Safiya, ɗauki alƙalami ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki.

Ni 'yar lambu ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a bakin kogi yake da lambu can ƙasar Wudil, kuma bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ni ce mai bin ruwa. Shi yana kan jigo yana ɗago guga yana juyewa a magudana, ni ina ƙasa da 'yar fartanya, in buɗe bakin wannan fangali, in ya sha in toshe da dunƙulen laka in buɗe na gaba. Fangali shi ne ɗan ɗakin shuka mai gaɓa kewaye, kamar faranti. Boko ban yi ba. Karatuna ke nan: inda ruwa ke son zuwa, da inda ba ya so.

Ƙarshen shekarun saba'in aka kawo ni garin nan na Amurka. Mijina ya rasu, ƙanina Habu kuwa, kakanku, yana karatu a jami'a, matarsa ta haihu babu mai yi mata ruwan jego. Jaririn nan shi ne babanku. Muna zaune a Glenwood, a wani ɗan gidan katako mai fili a baya kamar tabarma uku. Da aka yi arba'in hannuna ya rasa abin yi, sai na ɗauki shebur na fasa jar ƙasar nan, na yi fangali-fangali, na jawo ruwan indararo na bi da shi ta tsakaninsu.

Wata rana mai gidan haya ya aiko wani tsoho gyaran bututu. Gajere ne, mai farin gashin baki, hannayensa kamar saiwar itace. Ya gama aikinsa zai fita ta baya, sai ya tsaya. Bai nemi izinin kowa ba, ya cika bokiti ya juye a kan magudanata, ya bi ruwan da ido har ya kai fangalin ƙarshe.

Ya tambayi Habu, "Wa ya auna wannan?"

Habu ya ce, "Yayata ce."

"Da me?"

Habu ya juyo ya tambaye ni. Na ɗaga masa tafin ƙafata. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce a gaya mini gwiwoyinsa sun gaji, yana neman mai durƙuso a wani lambu da yake kula da shi.

Da ya tafi Habu ya ce, "Haba Yaya, ke da girmanki? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Su wa? Hausawan garin nan ko tabarma ɗaya ba su cika ba, kuma duk tuwona suke ci."

Sai da ya je ya ga wurin da idonsa, ya shirya abin da hukuma ke so a shirya, sannan ya sa mini albarka, shi da ni na goya shi.

Sunan tsohon Gaitano, mutumin ƙasar Italiya. Ni Baba Gaitano nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sinyora Dije, wato Malama Dije a yarensu. Turancinsa gurgu ne, nawa ko rarrafe bai fara ba, amma aikin ruwa da yatsa ake koyar da shi. Abin da zan ce muku ya faɗa, wani da hannu ya faɗe shi, wani sai bayan shekaru na gane.

Lambun yana bayan gari kan wani tudu, gidan wata tsohuwar Baturiya, Uwargida Adela. Marigayi mijinta mai masaƙa ne. Ya je Italiya ya ga lambunan mutanen da, ya dawo da Gaitano tun yana saurayi don ya gina masa irinsu. A ƙololuwar tudun akwai idon ruwa, an gina masa rumbu na dutse a rufe. Daga rumbun bututu ya gangaro ta ƙarƙashin ƙasa, ya fara da kaurin cinya ya ƙare da kaurin yatsa, ya ɓullo a tsakiyar wani kwanon dutse a gaban gida, ruwa ya tashi sama tsayin mutum biyu. Wannan ita Baba ke kira fontana. Ranar farko na zagaya bayan shuke-shuke ina leƙe, ina neman inda aka ɓoye injin.

Ya ce, "Babu inji, Sinyora. Nauyi ne. Ruwa yana tuna tsayin inda ya fito, can yake son komawa. Ki matse masa hanya, sai ya yi tsalle."

Daga kwanon ruwa ya bi matakalar dutse yana faɗowa hawa-hawa, ya shiga tafkin kifi. Daga tafkin ya shiga wani lambu mai katanga, wanda magudana biyu suka gicciye suka raba shi huɗu. Daga nan kuma, a gindin katangar ƙasa, akwai rariya wadda hannu ɗaya ke shiga. Ta nan ragowar ke fita. Baba ya ce ruwa ɗaya aiki biyar yake yi kafin a sallame shi: a gan shi, a ji shi, kifi ya sha, shuka ta sha, maƙwabci ya sha.

In mun zauna cin abincin rana, shi da burodinsa da zaitun, ni da ɗumamena, sai ya ba ni labarin inda aka samo wannan. Ya ce shekaru ɗari huɗu ko biyar da suka wuce manyan ƙasarsu suka riƙa gina lambuna a jikin duwatsu. A huda dutse a karkato da kogi, a tara shi a sama, a sake shi ta bututun darma, ya yi ta tsalle tun daga sama har ƙasa. Har da wanda ruwa ke tura iska ta cikin sarewa ya yi kiɗa. Har da kujerar da in baƙo ya zauna da kayan ado, ruwa ya tsarto ya jiƙa shi sharkaf, mai gida na gefe yana dariya.

Na ce, "Wannan ai rashin mutunci ne."

Ya ce, "Masu kuɗi ne, Sinyora, ba su da aiki." Amma ya ce a wurare da yawa in ruwan ya gama wasan manya, sai ya fita bayan katanga zuwa gonakin ganye da wurin wankin matan gari.

Lambun nan mai gida huɗu kuwa, ya ce ya girmi fontana nesa. Masu ibada na zamanin da, waɗanda ke killace kansu, su ne ke yin sa: katanga kewaye, ruwa a tsakiya, nan ganyen magani, nan na miya, nan furanni, nan wurin zama mai ciyawa. Wai kwaikwayon koguna huɗu na gidan ni'ima ne. Na ce mu ma an gaya mana ƙoramu huɗu ne a Aljanna. Ya ce ya sani, ai Musulmi sun zauna a kudancin ƙasarsu, su suka bar musu lemo da dabarun magudana da yawa. Ya nuna ni da wuƙar burodi ya ce, "Kayan danginki nake riƙe miki."

Shekarar farko raga kawai nake wankewa. Kowane bakin bututu da ragarsa ta tagulla, ganye da gansakuka na toshe ta, kuma in kaka ta yi a garin nan itatuwa zubar da kayansu suke yi gaba ɗaya. In durƙusa, in zura hannu har kafaɗa cikin ruwa mai sanyin yanka, in ciro, in goge da buroshi, in mayar. Mabuɗin ruwa kuwa, wani dogon ƙarfen tagulla mai kai kamar gicciyen sanda, ko taɓa shi bai bari na yi ba. A ɗamararsa yake rataye. Ya ce mai buɗe ruwa da gaggawa shi ke fasa bututu, don ruwa in ya taho da gudu ya tarar da ƙofa, duka yake kaiwa kamar guduma.

Ranar da tafkin kifi ya fara tsiyaya ba zan manta ba. Muka kwashe kifin a baho, muka zubar da ruwan, aka kawo yumɓu amalanke-amalanke. Ba siminti ba, yumɓu. A jiƙa, a shimfiɗa, a taka da ƙafa har iska ta fita daga cikinsa, a ƙara wani a kai. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga, gwiwa ta ƙi, sai ya zauna a gaɓa yana ba da umarni. Ni na taka shi kamar mai kwaɓin ginin ɗaki, zanina a ɗaure, ina waƙar da muke yi a bakin kogi. Ya ce kakanninsa shanu suke korowa su taka musu. Na ce to ya gode wa Allah, yau ya samu saniya mai waƙa.

Awo kuma da tiyo muke yi, amma ba irin riƙon da kuke yi ba. Farin tiyo ne dogo mai nuna cikinsa, a cika shi da ruwa, shi ya riƙe wannan baki ni in riƙe wancan, ko da kwana ta raba mu ba ma ganin juna. Inda ruwa ya tsaya a wajensa, nan ya tsaya a wajena. Sai a kafa turaku, a ja igiya, a rage ɗan kaɗan don gangara. In gangarar ta yi yawa ruwa ya ci ƙasa, in ta yi kaɗan ya kwanta sauro ya samu gida. Akwai kuma sandar saurare ta ƙarfe. Ka kafa ta kan bututun da ke binne, ka ɗora kunne a ƙotarta. Bututu mai lafiya numfashi ɗaya yake yi, mai yoyo kuwa raɗa yake kamar magulmaci. In sanyi ya gabato, dole a zuƙe kowane bututu tas kafin ƙanƙara, don ɗigon da ka manta shi zai kumbura ya tsaga maka ƙarfe.

Muna da wasu masu kiranmu cikin gari. Wani lauya mai ofis kusa da titin Elm ya ce a yi masa fontana marar inji a gidansa, gidan kuwa shimfiɗe kamar faifai. Baba ya ce masa, "Sayo tudu tukuna, sai ka kira ni." Wata kuma kullum kifinta na mutuwa, ashe sabulu take sa wa tafkin don ya yi haske. Amma gidan Uwargida Adela shi ne uwar ɗakinmu.

Ita Uwargida idanunta sun daɗe da yin yana, haske da duhu kawai take rarrabewa. Da kunne take yawo a lambunta. Baba ya sassaƙa leɓen kowane hawa na matakalar dabam, wani ya sa masa tsakuwa, wani ya bar shi sumul, don haka kowane wuri da muryarsa. In ta ji fontana a bayanta, matakala a hagunta, ta san inda take. Kowace safiya sai ta sauko ita kaɗai ba sanda, har kujerar ciyawa ta lambu mai katanga.

Bayan katangar kuwa, inda rariya ke zubarwa, akwai ɗan gidan Mama Lula. Baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, mijinta ya yi aiki a masaƙa har ya rasu, ya bar ta da jikoki a gabanta. Da ruwan rariyar nan take noman kuɓewa da wake da dankali da wani ganye mai faɗi ɗan'uwan kabeji. Shi suke ci, shi take kaiwa kasuwa ran Asabar. Ranar da na fara leƙawa na ga kuɓewa a ƙasar Amurka, tsayawa na yi kamar na ga 'yar garinmu. Ta ce, "Sista, kin san wannan?" Na ce tun kafin in san sunana. Daga ranar ba ta taɓa tsinka ba ta ɗora mini nawa a kan katanga ba.

To, sai shekarar tamanin da shida ta zo, shekarar fari. Tun bazara sama ta ƙi. Ciyawa ta ƙone, jar ƙasa ta tsattsage har yatsa na shiga. Fontana ba ta ƙarya, ita ke faɗin abin da ke cikin rumbu: ta sauko daga tsayin mutum biyu zuwa ɗaya, daga nan zuwa ƙugu. Abin da ke saukowa, iska ta kwashi nata a fontana, rana ta sha nata a matakala da tafki, kafin ya kai rariya sai ɗigo. Rijiyar Mama Lula ta koma laka, na sha kawai take samu da ƙyar. Ruwan wanke-wanke take ɗiba a gwangwani tana bin gindin kuɓewa.

Ɗan Uwargida, Mista Robat, ya zo daga gari da wani mai sayar da inji. Ba mugu ba ne, kada ku rubuta shi mugu. Uwarsa yake ji. Muka taru a baranda, ya ce mai injin ya auna, abin da idon ruwa ke bayarwa zai ishi cikin gida in dai ba a bar ko ɗigo ya fita ba. A toshe rariya, a sa inji ya riƙa maido da ruwan tafki sama, fontana ta ci gaba, shuke-shuke su rayu.

Baba Gaitano ya ce, "Lula fa?"

Mista Robat ya ce, "Na sani, Gaitano. Zan aika mata da kayan abinci."

"Za ta karɓa?"

Mista Robat ya san ta, ba za ta karɓa ba. Can ya ce, "To mene ne naka shirin?"

Baba ya ce a kashe fontana da matakala da tafki, a bi da ruwan ta gajeriyar hanya, a raba shi da Lula.

Mista Robat ya ce, "Ka kashe wa mahaifiyata idanu ke nan. Da me za ta gane hanya? Bara da muka tsayar da ruwa don gyara, ba a kan matakalar nan ta faɗi ba?"

Gaskiya ya faɗa, ni na ɗaga ta ranar. Uwargida tana zaune hannayenta kan cinya, sai ta juyo da fuska wajen da take jin numfashina.

"Dije, a garinku in kogi ya ja baya, yaya kuke yi?"

Lokacin Turancina ya fara tafiya da sanda. Na ce dattawa ke raba ruwa kwana-kwana, kuma da mai wutsiya ake farawa, wato wanda lambunsa ke ƙarshen magudana.

"Don me?"

Na ce, "Na sama ko ba a ba shi ba, laima na ratsa ƙasarsa. Na ƙasa in an manta da shi sau ɗaya, an manta ke nan."

Uwargida ta miƙe ta ce a kai ta rariya. Muka sauka, ɗanta na riƙe da gwiwar hannunta. Ta durƙusa da kyakkyawar rigarta, ta laluba, ta zura hannu. Ta ciro shi da ƙura. A bayan katanga ana jin ƙarar gwangwani.

Ta ce, "Lula, ke ce?"

"Ni ce, Mis Adela."

"Yaya kuɓewar?"

"Tana addu'a, kamar kowa."

"Ba ki aiko kin ce ruwa ya yanke ba."

Mama Lula ta ce, "Ruwanku ne. Ban taɓa cewa nawa ba ne. Yana zuwa ina godiya, ya daina ina godiyar na baya."

Uwargida ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ce, "Gaitano, mijina ne ya ce a yi ramin nan, ko kai?"

"Ni na roƙa, shi ya yarda. Na ce masa lambun da ba shi da mafita, ruwansa ruɓewa yake."

Ta ce, "To je ka kashe fontana. Robat, in na faɗi, ka ɗaga ni. Ai na sha ɗaga ka."

Baba ya ciro mabuɗi daga ɗamara, ya hau shi kaɗai. Abin da ya gina tun yana saurayi, wanda ba a taɓa kashewa da rani ba. Muna ƙasa muna kallo ruwan ya rusuna, ya durƙusa, ya kwanta. Sai shiru ya rufe tudun, har kana jin ƙudan zuma. Da ya sauko ba wanda ya kalli fuskar wani. Uwargida ta tsaya tsakiyar lambunta tana juya kai, ba ta san gabas ba.

Washegari Baba ya zo da tsofaffin tayal na rufin ɗaki cike da bayan motarsa, irin masu lanƙwasa kamar rabin bututu. Ya ce, "Sinyora, ɗauko tiyon awo. Ruwa ko kaurin yatsa ne yana magana, in kin ba shi inda zai faɗo."

Muka jera tayal ɗin nan baki cikin baki a gefen hanyar da Uwargida ke bi, tun daga baranda har ƙasa, muka rufe su da katako don rana, muka liƙe haɗin da yumɓu. A kowace kwana muka bar buɗaɗɗen wuri inda ruwa zai faɗo tsayin taƙi. Ƙarƙashin na farko ya sa tsohuwar tukunyar tagulla, na biyu tsakuwa, na uku wani fasasshen tulu. A bakin matakala, inda ta taɓa faɗuwa, na kawo ƙwaryata daga gida na kifa ta cikin ruwa, ɗigo na sauka a bayanta yana kiɗa kamar na kiɗan ƙwarya. Baba zai rufe ido ya saurara, ya ce matsar da ita kaɗan. In matsar, ya ce na ɓata. In mayar inda take, ya ce yawwa, yanzu ta yi. Na ce, "Tsoho, kunnenka ne ya karkace, ba ƙwaryata ba."

Ruwan ɗaya ne, bai ƙaru ba. Wanda ke kiɗa a kwana shi ne ke wucewa ƙasa. Muka raba shi yadda ake yi a garinmu: ranar farko ta rariya ce, ta biyu ta lambu mai katanga. Bai ishi gida huɗun ba, sai muka bar biyu suka bushe, na furanni da na ciyawa. Kifi muka kai tafkin wani manomi. Akwai itatuwan tuffa da Baba ya shekara da shekaru yana horarwa su kwanta a jikin katangar sama kamar buɗaɗɗen tafin hannu, laimar matakala suke sha. Muka yi ta kai musu abin da ya samu a bokiti, amma rabinsu suka tafi. Yakan tsaya ya shafa su in zai wuce.

Safiyar da aka gwada, Uwargida ta fito baranda ta ce kowa ya yi shiru. Ta saurara. Ta taka. Mista Robat na bayanta da hannu biyu a buɗe, kamar mai bin yaron da ke koyon tafiya. Ta wuce tukunya, ta wuce tsakuwa. Da ta zo bakin matakala ta tsaya cak, ta laluba da ƙafa, ta sauka.

Ta ce, "Wannan na nan ba aikin Gaitano ba ne. Muryarsa ba ta Italiya ba ce."

Baba ya ce, "Na Sinyora ne. Ni na ce ba daɗi."

Ta ce, "Ya fi naka."

Har ƙasa ta kai, ta zauna kan busasshiyar kujerarta. Mista Robat ya juya baya yana gyaran tabarau, ya daɗe yana gyarawa. A bayan katanga muka ji Mama Lula na kiran jikokinta su kawo fartanya, ruwa ya iso.

Kuɓewar ba duka ta rayu ba, amma ta rayu. Farkon tsinka Mama Lula ba ta ɗora a katanga ba. Ta sa hularta ta zuwa coci, ta zagayo ta ƙofar gaba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye kwando a cinyar Uwargida. Ni aka ba na yi miya. Baba Gaitano ya ɗaga cokali ya ga tana bin sa, ya ce wannan miya ce ko igiya? Kwano biyu ya sha.

Da Allah ya kawo ruwa, rumbu ya ɗau lokaci kafin ya cika. Ranar da za a buɗe, Baba ya kama mabuɗi, ya ƙi juyuwa a hannunsa. Ya kwance shi daga ɗamara ya miƙo mini. Ya ce, "A hankali, Sinyora. Kamar mai tashin jariri." Na juya kaɗan, na jira, na ƙara. Bututu ya yi tari, ya yi gyatsa. Na sauko in duba baki, sai fontana ta tsarto jan ruwa mai laka ta wanke ni tun daga ɗankwali har ƙafa. Tsoho ya riƙe ciki yana dariya, yana cewa yau na zama babbar baƙuwa. Uwargida ta ce a bar mata tayal ɗinta da ƙwaryarta inda suke, ko da fontana ta dawo. Mabuɗin kuma Baba bai sake karɓa ba.

Baba Gaitano ya koma gidan 'yarsa bayan shekara biyu, can ya rasu, a garin nan aka binne shi. Uwargida Adela ta bi shi ba da daɗewa ba, kuma har ƙarshe da ƙafarta take sauka lambu. Mista Robat ya riƙe ni aiki har gwiwoyina suka bi sahun na Baba, daga baya ya sayar da tudun, aka gina gidaje. Duk ƙaramar Salla sai ya aiko mini da kati har ya tsufa. Kakanku Habu kun san inda yake kwance, Allah ya haskaka makwancinsa. Mama Lula ta ga auren jikokinta kafin ta tafi. An rushe rumbu, an kwashe kwanon dutse, amma idon ruwa ba ya jin rusau. Har yanzu kusurwar nan tana da laima, kuma wata jikar Lula na shuka kuɓewa a wurin. Mabuɗin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa, ba abin da zai buɗe yanzu.

Ƙurunƙus ba zan ce ba, tunda ruwan bai ƙare ba. Gobe in za ku ba tumatir ruwa, ku fara da na ƙarshen layi, wanda ke jikin shinge. In ya malala ta ƙarƙashi ya shiga gidan maƙwabta, ku ƙyale shi ya tafi.